Yadda Za Ki Zama Gwanar Dunƙulen Nama Ba Tare da Kin Dafa Ba

'Yar'uwa, gyara zama. In kika bi abin da zan faɗa miki daki-daki, na yi miki alkawari kafin rana ta faɗi za a kira ki gwanar girki, a ɗauke ki hoto kina riƙe da ludayi, alhali ko albasa ba ki yanka ba. Ban taɓa ganin wadda ta bi hanyar nan ta ji kunya ba. Gaskiya dai mu biyu kaɗai muka taɓa bin ta, amma ga mu nan da ranmu da lafiyarmu.

Ga yadda aka yi na zama malama. Jikata tana da shafin girki a waya, tana gayyato baƙi, kowa ya kawo nasa salon dafa dunƙulen nama a tukunyar nan ta lantarki mai dahuwa a hankali. Ni Malalaciya nake ce mata, don abin da murhu zai gama kafin ki idar da salla, ita sai ta wuni tana tunani a kansa. Wata ma'aikaciyar jinya ta kawo nata salon. Wani malamin makaranta ya kawo nasa har da zuma a ciki, Allah ya shirye shi. To wannan makon ni ce baƙuwa. An ce in rubuta yadda na yi nawa, ga shi kuwa, ban rage komai ba.

Mataki na ɗaya: Samo jika mai neman aiki

Kada ki ɗauko wadda take da aikinta, wannan ba ruwanta da ke. Ki nemi irin tawa, wadda tun da ta gama makaranta take zaune a gida tana wanke-wanken da ba a sa ta ba, in waya ta yi ƙara ta zabura ta ɗauka kiran aiki ne, ashe ƙawata ce ke nemana.

Akwai wata Hajiya mai babban shagon kayan kicin a bakin titi. Ita ta ara wa jikata Malalaciya har guda biyu, ta ce: "Masu kawo mana ita sun ce ko tsohuwa za ta iya girki da ita. To a nuna mini. In tsohuwa ta dafa na ci na ji daɗi, ki zo shagona ki riƙa nuna wa masu saye yadda ake aiki da kayan."

Ja'irar sai ta ba ni ɗaya, ta kai ɗaya wa maƙwabciyata Mai Gilashi, wadda ƙofarta ke dab da tawa a hawa na biyu. Wai in ɗaya ta kuskure, ɗaya ta dace. Ki ji raini.

"Kaka, don girman Allah," in ji ta, "aikin nan ina son sa."

Na ce, "Ke tafi can. Tun kafin uwarki ta yi haƙori nake girki."

Ta ce, "Ai shi ne abin da yake ba ni tsoro."

Mataki na biyu: Haɗa kayan da baki

Ki samu kujera mai jingina, ki zauna inda za ki ga komai ba tare da komai ya taɓa ki ba. Jikar za ta kawo niƙaƙƙen nama, ta goga albasa a kai, ta daka tafarnuwa da 'yar citta, ta fasa ƙwai, ta zuba garin busasshen burodi, gishiri da barkono. Naki aikin shi ne duk abin da ta zuba ki ce ya yi yawa. In ta rage, ki ce yanzu kuma ya yi kaɗan.

Za ta cuɗa, ta shafa wa tafinta mai, ta dunƙula su ƙanana kamar ƙwan kaza, ta jera a cikin tukunya, ta kwarara markaɗen tumatir har ya kusa rufe musu kai. Shi ke nan fa girkin. Wallahi da na san haka duniya za ta koma, da ban ƙona yatsuna shekara da shekaru ba.

Za ki ga ta rage wani naman ta rufe ta sa a firij. Ki yi mata faɗa a kan rowa. Daga baya za ki gode wa rowar nan, amma ba sai kin faɗa mata ba.

Kafin ta rufe murfi, ki miƙa ɗan yatsa ki dangwali dunƙule ɗaya. Wannan shi ne shaidarki. Duk wanda ya tambaya, ki rantse hannunki ya shiga girkin nan, ba kaffara a kanki.

Mataki na uku: Saurari dokoki da kunnen lauya

Za ta tsaya a kanki da jaka a kafaɗa, za ta je sayo taliya, daga can ta biya ta taho da Hajiya mai shago bayan azahar.

"Kaka, kada ki buɗe murfin nan."

"To."

"Kada ki juya. In kika juya za su farfashe."

"To."

"Kada ki ƙara ruwa, kada ki ɗanɗana, kada ki ce bari ki gyara. Ki zauna kawai."

"To, uwata."

Ki lura da kyau, ki adana a ranki: ta ce kada a buɗe, ta ce kada a juya, ta ce kada a ƙara. Ko sau ɗaya ba ta ambaci filogi ba. Abin da ba a hana ba kuwa, ai ba laifi ba ne. Wannan ilimi ne da ba a koyarwa a makaranta, shi ya sa ban ɓata lokacina sosai a can ba.

Mataki na huɗu: Zura wa tukunya ido har ki gaji

An ce mai haƙuri yakan dafa dutse ya sha romonsa. Wanda ya yi karin maganar nan bai taɓa zama da Malalaciya ba, don ko dutse in yana kan wuta ai za ki ji ruwa na tafasa. Wannan ba ta huci, ba ta tsaki, murfinta ba ya rawa. 'Yar jar fitila ce kawai a gabanta tana kallonki kamar idon ɓera.

Hannunki zai fara ƙaiƙayi yana neman ludayi. Ki zauna a kansa. In abin ya ƙi, ki ɗauki waya ki kira maƙwabciya. Na san bango ɗaya ne tsakaninku, amma ita ma an hana ta matsawa daga gaban tata tukunyar, kin ga dole a yi zumunci ta waya.

"Mai Gilashi, taki ta ce wani abu?"

"Ko uffan. Ni na fara zargin yarinyar nan tsare mu kawai ta yi. Ke, kin ga mai askin ƙasa kuwa yau?"

Mai askin nan shagonsa yana ƙasan benenmu. Kwanan nan, da rana ta take, sai ya ja ƙofa ya kulle, ya fesa turare har mu na sama mu yi atishawa, ya bi ta lungun baya yana waige-waige. Ina yake zuwa? To wannan tambaya ce da ba a amsa ta a tsaye. Muka faro daga ranar da ya kama hayar shagon, muka biyo ta kan matarsa da sabon zanenta, muka ratsa ta gidan ƙanwar matar, muka dawo.

Mataki na biyar: In waya ta yi kukan yunwa, ki ba ta abinci

Daidai inda magana ta fara daɗi, waya za ta yi "ɗit". Batir ya yi ja. Kada ki firgita. Ki duba kicin: soket ɗaya ne mai aiki, ɗayan tun bara ya ƙone, ɗanki kullum yana cewa gobe zai kawo mai gyara. Wanda ke aikin kuwa Malalaciya ta mamaye shi.

Yanzu ki yi tunani irin na manya. A murhu, in tukunya ta ɗau zafi, ai janye itace ake yi a bar garwashi ya ƙarasa. Duk macen kirki ta san haka. To me zai sa ta lantarki ta fi sauran tukwane gata? Ta sha wuta tun ɗazu, ta ƙoshi. Ki zare filoginta a hankali, ki soka cajarki, ki ce a ranki yanzun nan zan mayar.

Ba za ta yi ƙorafi ba. Da ma can ba ta magana.

"Ina jin ki, aminiya. Kika ce ƙanwar matar ta ce me?"

Mataki na shida: Gano abin da ya faru, cikin natsuwa

Kiran sallar azahar ne zai dawo da ke duniya. Za ki miƙe kina miƙa, kunnenki ɗaya ya yi zafi, wayarki ta cika fal. Ki juya ki kalli Malalaciya. Idon ɓeran nan a rufe. Ki ɗora tafinki a murfi: sanyi kamar hancin kyanwa.

A nan doka ta faɗi, ki buɗe. Za ki ga dunƙulen nama a jere yadda aka bar su, jajaye, suna kallonki, har wanda kika dangwala da shaidar yatsanki a kansa. Ashe ita ba ta da garwashi. Wace irin muguwar ƙira ce wannan, a yi tukunya ba garwashi kuma ba a rubuta a jikinta ba?

Kada ki yi salati da ƙarfi, bangon nan ba shi da kauri.

Mataki na bakwai: Tuna cewa maƙwabci ɗan'uwa ne

Ga wani sirri da na gano da kaina: kwanon tangaran ɗin da ke cikin Malalaciya ana ciro shi. Na Mai Gilashi kuma irin naki ne sak, shago ɗaya, launi ɗaya. Nata ya wuni a kan wuta. Ita kuwa ba jikarta ba ce ke neman aiki, kin ga ba abin da za ta rasa sai suna, sunan ma da ma ba wani mai yawa ba ne.

Ki ciro naki, ki rungume shi a ciki, ki lulluɓa mayafi. Dabarar ita ce ki shiga ki ce mata ga mai aski can zai fita, ta ruga taga, ke kuma ki musanya.

Na buɗe ƙofata a hankali, na sa ƙafa a baranda. Sai ga ƙofar Mai Gilashi ita ma tana buɗewa a hankali. Ta fito da mayafi har ƙasa, cikinta ya yi tulu a gaba.

Muka tsaya muna kallon juna.

Na ce, "Ikon Allah. A shekarunki? Wata nawa?"

Ta ce, "Wanki ne zan kai shanya. Ke fa, naki na wata nawa ne?"

"Ni ma wanki ne."

"Wanki mai ƙamshin tafarnuwa?"

Na ɗaga mata gefen mayafi, ta ɗaga mini nata. Jajaye. Nata ma jajaye. Yo ai da ni take waya tun safe, batirinta ba na ƙarfe ba ne, ita ma soket ɗaya gare ta kusa da kujera. Zani ce ta tad da mu je. Muka kama dariya muna toshe baki, tangaran na rawa a cikinmu, gilashinta ya zamo har kan hanci ba hannun gyarawa.

Sai muka ji takun takalmi mai tsini a matakala, da muryar jikata tana cewa, "Sannu Hajiya, saura hawa ɗaya."

Mataki na takwas: Raba aiki

Ki tura maƙwabciyar ta tari baƙuwa da gaisuwa mai tsawo, har da tambayar lafiyar kakannin da suka rasu. Ke kuma ki ja jikar kicin.

Ta kalli tangaran biyu a kan tebur. Ta kalli cajata a soket. Na shirya jin ihu, na ma tanadi amsa a kan maganar filogi da ba a ambata ba. Ba ta yi ihu ba. Ta ajiye ledar taliya a hankali, ta ce, "Kaka, sau ɗaya fa na roƙe ki abu."

'Yar'uwa, in taki ta yi miki haka, kada ki kalli idonta. Ni na kalla, ban ji daɗi ba.

Na ce, "A mayar da su wuta mana, wa zai sani?"

"Naman da ya wuni a waje? Ba zan ba mutum ya ci ya kwanta ba, ko da aikin zai tafi." Ta goge ido da bayan hannu, ta buɗe firij ta ciro naman rowar nan. "Wannan zai yi. Amma ko na ƙure mata wuta sai bayan la'asar. Hajiya kuwa ta ce ba za ta zauna ba, ta bar shago da yara."

Na gyara ɗaurin ɗankwalina. Na ce, "Ke ji da tukunya. Zaman Hajiya nawa ne."

Mataki na tara: Zaunar da baƙuwa

Nan ne gwaninta take, ki buɗe kunne.

Ki ba ta kujerar nan da ta lotsa, wadda in an shiga sai an ja mutum. Takalmanta ki kai su can bayan ƙofa, wai kada a taka. Ruwa kawai za ki ba ta, ko biskit kada ki kawo, yunwa abokiyar aikinki ce. Ke ki zauna dama, maƙwabciya ta zauna hagu.

"Iya, a kawo in ɗanɗana in gudu," in ji Hajiya, tana kallon agogo.

Na ce, "Yanzun nan, 'yar nan, yana hucewa ne. Af, da kika shigo, shagon askin ƙasa a buɗe yake ko a kulle?"

"A kulle na gan shi."

Na kalli Mai Gilashi. Mai Gilashi ta kalle ni, ta cire gilashi ta goge, ta ce, "Uhm. Yau ma."

"Yau ma me?" in ji Hajiya.

"A'a, ba komai. Mu ba ma shiga harkar mutane."

Shi ke nan, ƙugiya ta kama. Daga nan kada ki ba da labari a miƙe. In kin kawo bakin lungun da yake bi, maƙwabciya ta katse ki ta ce ba haka aka yi ba, sai an fara daga zanen matar. Ku yi gardama a kan launin zanen. In baƙuwa ta kalli agogo, ki rage murya ki waiga ƙofa, ki ce, "Wannan da zan faɗa, don ke ce." In ta yunƙura za ta tashi, kujera za ta taimake ki. In wayarta ta yi ƙara, ki yi shiru tsit a tsakiyar magana, da kanta za ta kashe ta.

Hajiya ta yi sallar la'asar a ɗakina, ta sallame tana cewa, "To, sai ƙanwar matar ta bi shi a baya, sai aka yi yaya?"

Can sai ƙamshi ya fara ratsowa daga kicin, na tumatir da tafarnuwa da nama da ya nuna a hankali ba wanda ya dame shi. Cikin Hajiya ya yi ƙugi har Mai Gilashi ta amsa da "na'am".

Mataki na goma: Yi hattara da jika mai gaskiya

Aka kawo taliya, dunƙulen nama a kai suna sheƙi, ba wanda ya fashe. Hajiya ta sa cokali, ya ratsa kamar ba nama ba. Ta ci, ta ƙara, ta kalli tukunya ta sake ƙarawa. Ni kuwa na riƙe ludayi ina murmushin masu aiki.

Hajiya ta ce, "Iya, hannunki akwai albarka."

Na buɗe baki zan ce ai ba komai, sai ja'irar ta ce, "Hajiya, ni na dafa wannan. Nasu bai dahu ba, sun cire tukunya sun sa cajin waya. Na zubar da shi na sake sabo."

Kin ji fa. Duk tarbiyyar da na yi mata.

Hajiya ta ajiye cokali. Ta ce, "To, sharaɗina bai cika ba ke nan." Jikata ta sunkuyar da kai tana murza gefen rigarta. Muka ja Hajiya daga kujera, aka nemo takalma, ta saɓa jaka, ta kai bakin ƙofa. Sai ta tsaya. Ta juyo.

"Wai don Allah, ina mai askin nan yake zuwa?"

Na gyara tsayuwa na ce, "Ai 'yar nan, ƙarshen labarin nan ba a faɗinsa a bakin ƙofa. Sai dai ko ranar da muka rako yarinya wurin aiki."

Ta dube ni, ta dubi Mai Gilashi da ke gyaɗa kai kamar ƙadangaruwa. Sai ta fashe da dariya har ta dafa bango, jaka ta zame.

"Kai, tsofaffin nan! Yarinyar ta zo ranar Asabar. Wadda ta zubar da nama don kada in ci in kwanta, ta kuma faɗa mini gaskiya a gabanku, ita nake so a shagona. Ku ma ku zo, ku zaunar mini da masu saye har tukunya ta nuna. Amma wayoyinku a hannun mai gadi za ku bar su."

Jikata ta rungume ni har ludayi ya faɗi, tana dariya tana kuka, tana cewa, "Kaka, Allah ya shirye ki." Na ce amin, amma ba da gaggawa ba. Hoton da kika gani a sama a lokacin aka ɗauka. Wancan gwiwar hannun da ke gefe na Mai Gilashi ne, ni na ce a yanke ta.

Jan kunne

Duk wadda ta bi matakan nan, ita da Allahnta. In namanki ya ƙi dahuwa, in jikarki ta daina yi miki magana, in baƙuwarki irin marasa son jin labarin mutane ce, in kujerarku ba ta lotsa ba, ni ba ruwana, ban san ki ba, ban taɓa ganinki ba. Kowa ya ɗebo da zafi bakinsa. Mai neman girkin gaskiya ta koma mataki na biyu ta yi abin da yarinyar ta yi, ta bar filogi inda ta same shi.

Sai dai in a cikinku akwai wadda ta san inda mai askin nan yake zuwa, don girman Allah ta kira ni kafin Asabar, don ni da Mai Gilashi ba mu da masaniya ko ta anini. Wayata a cike take da caji.